Jaka Mara Nauyi da Saƙon Inna

Ba zan taɓa mantawa da wata jakar goyo da na saya wurin 'yan gwanjo a kasuwar Shinkafi ba, shekarar da aka soma shari'a a Zamfara. Lokacin ina ɗan sikawut, kaina na hayaƙi. Jakar shuɗiya ce, ba ta fi hula nauyi ba. Na haɗa da kambas da gorar ruwa ta roba, na yi shelar cewa da ƙafa zan je gaida kakata, daga Ƙaura har ƙauyensu a bayan Zurmi.

Inna ta ji daɗi, don ta kwana biyu ba ta ga mahaifiyarta ba. Ta ɗaure mini ƙunshi: gishiri, kanwa, daddawa da sabulu. Na ɗaga na ji nauyi. Malaminmu na sikawut kuwa ya ce matafiyin ƙwarai ba ya ɗaukar abin da ba zai yi amfani da shi ba. Sai na tura ƙunshin ƙarƙashin gado (wai zan aika a mota daga baya), na fice.

Gaskiya kayan sun yi. Jaka ba ta ci mini kafaɗa ba. Kambas ya kai ni, ko da yake ya buɗe baki kafin Zurmi. Gorar ce dai ta mai da ruwa kamar na wanka. Hanya kuwa lafiya lau, gero ya fi ni tsawo, duk gonar da na ratsa sai an ce in tsaya in sha fura.

Ina isa Kaka ta rangaɗa guɗa, wai mijinta ya zo. Matan gida da na maƙwabta suka cika tsakar gida. Abin da na manta shi ne, a can ba baƙo ke buɗe jakarsa ba. Kaka ta jawo ta gabanta don ta raba tsaraba.

Ta zaro tocila. Ta zaro buroshi. Ta zaro gajeren wandona (mai faci), ta ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Ina saƙon ɗiyata?"

Na ce, "Ya yi nauyi, Kaka."

Kaka ta juya wajen matan. Ta ce, "Ku gane man miji! Yaz zaka hannu rabbana. To shari'a ta zo, gobe alƙali za ni, a raba aurenga."

Aka fashe da dariya, ni ma na yi yaƙe. Amma na ga ta sake zura hannu cikin jakar, tana lalube a hankali, ko akwai abin da ya maƙale. Wannan laluben ya fi dariyar ciwo.

Ranar komawa ta cika jakar da gero, kabewa da man shanu, ta ce a kai wa ɗiyarta. Maratayin ya tsinke tun ban bar gari ba. A ka na ɗauko ta har Ƙaura, kuma ban yi ƙorafi ba.

Kaka ta rasu, hanyar nan ma yanzu ba mai bin ta da ƙafa. Ina kewar su duka biyun. In ka tambaye ni, jakar tana da kyau, ka saya. Sai dai in an ba ka saƙo ka ɗauka. Ni yau ko dutsen niƙa Inna ta ba ni zan kai, amma babu mai buɗe jakar.