Bunsurun Maƙwabci

Ni na bugi ƙirji a gaban kafilina, wato ubangidan da nake wa aiki, a unguwar Khumra, na ce zamanin bunsuru ya wuce, yanzu da sirinji ake ba awaki ciki. Na sa ya sayar da bunsurunsa, na kawo irin wani farin bunsuru mai tsada, na ɗura wa awakinsa da sirinji. Awakin duk suka ɗauki ciki, kaina ya kumbura, na ce daga yau a kira ni Dakta.

Da suka haihu, kowane ɗa baƙi ƙirin, sak bunsurun maƙwabci mai tsallake katanga.

Baba Usman makiyayi ya dube ni ya ce, "Halas, shi ke nan, Dakta, abokin aikinka ya riga ka."

Har yau bunsurun nan ake kira Dakta, ni kuwa mataimakinsa.