Ƙwarar Gyaɗar da Ta Ƙi Rabuwa

Ba zan taɓa mantawa da bikin Furfuri ba, ko da ƙauyen zai manta (bai manta ba). Tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba ne, ina ɗalibin hisabi a 'Yandoto, gemuna ya fara tsiro, kaina kuwa ya riga shi girma.

Malaminmu ya koya mana wani adadi, dubu biyu da ɗari biyar da ashirin. Ya ce a raba shi biyu, ko uku, ko bakwai, ko tara, ba ya barin saura. Ya ƙara wata magana a ƙarshe, amma ni lokacin na tafi tunanin inda zan baje wannan ilimi.

Wurin ya samu a ɗaurin auren wani abokina a Furfuri, domin Baba Ɗanjumma, mahaifin Hansatu da nake nema, zai halarta. Mutum ne da bai taɓa yi mini kallo na biyu ba. Na gyara rawani na shaida wa zaure cewa ina da adadin da ke rabuwa ga ko mutum nawa ne. Aka ce a gwada, aka kawo ɓararriyar gyaɗa. Na yi ta ƙirga har tuwo ya huce, masu gida suna hararata. Mu goma ne a tabarma.

Zan fara rabo ke nan sai ga Baba Ɗanjumma da sallama. To, a ƙasarmu ba a rabon abu dattijo yana zaune a tsallake shi. Aka matsa masa, muka zama goma sha ɗaya. Ni har murna na yi!

Na bi su ɗaya bayan ɗaya, tsibi yana ƙarewa, zuciyata fes. Kowa ya samu daidai. Sai ga ƙwara ɗaya a tafin hannuna. A nan na tuna ƙarshen maganar Malam: har zuwa goma kawai.

Mai hankali zai ce ya yi kuskure. Ni sai na yi kamar zan shafa gemu, na jefa ta a baki.

"Malam, ba saura ko?" in ji Baba Ɗanjumma.

Na buɗe baki zan ce babu, ta zarce maƙogwaro. Na yi ta tari, idanu jawur, har sai da ya dake ni a baya ta faɗo tsakiyar tabarma, kowa na gani. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Ya daɗe yana dariya, sannan ya ce, "Wanga yaro da ƙarya ka shaƙewa, shi zan ba ɗiyata."

Tun daga ranar nake jin karatu har ƙarshe. Hansatu kuwa, jikokinmu sun yi wayo, amma in ta soya mini gyaɗa sai ta ware ƙwara ɗaya a kan faifai, ta ajiye ruwa kusa da ita.