Ranar da Na Yi wa Sistoci Addu'ar Miji

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ba, ranar da bakina ya kusa rushe wa 'yar mutane abin da ta daɗe tana ginawa. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni 'yar kasuwa ce daga Kano, ina saro abaya da kayan yara a kasuwar Canaan. Sinancina bai wuce gaisuwa da godiya ba, sai "meyo", wato babu. Mai yi mini tafinta wata ɗaliba ce, Sisiliya, Kirista 'yar Kafanchan, Hausa a bakinta kamar a Fagge aka yanke mata cibiya. Aibinta ɗaya a wurina, ba ta da saurayi. Ni kuwa Allah ya jarabce ni da son haɗa aure (a unguwarmu Hajiya Mai Dalili ake ce mini, kuma ban taɓa jin haushi ba).

Rannan ta ce mini sistocin cocinsu za su yi bikin cika shekara hamsin da fara tura 'yan'uwansu aiki Najeriya. Ta ce tana so ta shiga cikinsu, kuma babbarsu ta zo daga Hong Kong, ita za ta duba maganarta. "Hajiya, mamana tana nesa, ki zo ki tsaya mini a matsayin uwa."

To ni a duniyata, sista ita ce mai farin kaya da ke yin allura a asibiti. Na ce aikin jinya ai lada ne, na sa mata albarka. Ban tambayi komai ba, don a ganina babu abin tambaya.

Na jira suka gama ibadarsu, sannan ta shigar da ni zauren walima. Bango duk hotuna: wani ƙaramin asibiti mai rufin kwano, mata da goyo a layi, sistoci suna auna jarirai. Na ce a raina, ai na faɗa. An ware mini 'ya'yan itace da shayi, an girmama ni sosai. Kusa da ni wata matashiyar sista ce da zobe a yatsa. Na nuna zoben, na yi mata alamar ina maigida. Ta yi murmushi ta ce, "Meyo." A kasuwa in an ce maka meyo, ana nufin kaya sun ƙare, ka dawo gobe. Na tambayi ta biyu, meyo. Ta uku ma meyo. Tausayi ya kama ni, na ce aiki ya hana bayin Allah sukunin kansu.

Sai aka ce baƙuwa daga Najeriya ta ce wani abu. Na gyara gyale na miƙe, Sisiliya ta tsaya gefena tana fassara. Na gode musu bisa kula da matanmu da 'ya'yanmu, aka tafa. Da nan na tsaya da na fita da mutuncina, amma tafi ya shiga kaina. Na ɗaga hannu na roƙi Allah ya kawo wa kowacce miji nagari kafin shekara ta zagayo, ya ba su zuri'a mai albarka. Sisiliya ta faɗi wani abu gajere, aka sake tafawa (daga baya na gano cewa ta yi ina musu fatan lafiya da tsawon rai). Ni ko sai na ƙara wuta. Na dafa kafaɗarta na ce wannan kam ku kwantar da hankali, na riga na samo mata, Emmanuel mai kamfanin tura kaya, magana ta yi nisa, saura sa rana.

Wannan karon ba ta fassara ba. Ta sunkuyar da kai, na ga hawaye.

Daga teburin gaba wata tsohuwar Basiniya mai sanda ta ɗago, ita ce babbar tasu. Ta buɗe baki da Hausa tsaf, irin ta mutanen Jos: "Sisiliya, gaskiya ne? Mu ba ma aure, mun yi wa Allah alkawari. In akwai wanda ke jiranki, ba zan iya karɓarki ba."

Ashe rabin rayuwarta a wancan asibitin na hoto ta yi. Duk abin da na zuba ta kwashe.

Ko dai in kare girmana yarinya ta rasa abin da take nema, ko in tona kaina. Na ce, "Mama, wallahi ƙarya nake. Sau ɗaya yaron ya tambaye ni sunanta, sauran duk ni na ƙara." Tsohuwa ta ce a fassara wa jama'a, don sun ga hawaye, dole su san dalili. Haka na tsaya da girmana da gwala-gwalaina, ana sanar da cikakken zaure da Sinanci cewa Hajiya ta yi ƙarya. Waɗanda na yi wa addu'ar miji suka rufe baki suna ƙyaƙyatawa.

Da tsohuwar ta ga na kusa narkewa sai ta ce, "Hajiya, kin zo a matsayin uwa. Ki yi mata addu'ar abin da ita take so." Na ce Allah ya cika mata burinta. Addu'a mafi gajarta da na taɓa yi ke nan, kuma ita kaɗai ce Sisiliya ta ce wa amin.

Sun karɓe ta daga baya, ta kuma yafe mini, ko da yake sai da na yi sati ban iya haɗa ido da ita ba. Yanzu kafin in ɗaga hannu in roƙa wa mutum wani abu, sai na fara tambayarsa me shi yake roƙo.