Ɗan Holand Na Dole

Wani ne a wata jami'a a Seoul, yana karatun harshen Holand. Aka tura shi Holand musayar ɗalibai, zaman da ko wata bai kai ba. Gogan naka ya dawo ya fi ƙarfin kowa. Shinkafa da kimchi sun zama abincin ƙauyawa, shi sai burodi da cuku. Ana tsuga ruwa, yana kan keke kamar jiƙaƙƙen zakara.

Abokansa suka ce, "Kai, ga jirgin ƙasa, ka shigo mana."

Ya ce, "Mu a can ba ma gudun ruwa."

"Ku wa?"

Babbar masifar, wai ya koyo faɗar gaskiya. Ran nan suka yi kiciɓis da shugaban sashe, Farfesa Byun. Kowa ya rusuna, shi kuwa ya dafa kafaɗar tsoho.

"Byun, laccarka ta jiya barci ta sa ni. Kada ka ji haushi, haka muke yi a can."

Farfesa ya dube shi sama da ƙasa, ya wuce.

Ana nan sai ga Malama Terpstra daga Holand, ta zo zaɓar ɗalibi ɗaya tak da zai je karatun shekara guda kyauta. Tun kafin ta sauka mutumin ya saki ɗakin hayarsa, ya yi wa uwarsa sallama.

Aka shirya mata liyafa. Baƙuwa ta rusuna wa Farfesa, ta karɓi kofi da hannu biyu. Manya ba su ɗaga cokali ba, shi har ya kai loma ta uku.

Ya ce, "Malama, daina wahalar da kanki, ai mu ya mu ne. Af, rigar nan ma ba ta karɓe ki ba."

Wani ya taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

"Don me kake taka ni? Ku matsalarku ke nan, ɓoye-ɓoye! Malama, faɗa musu a gabansu, kai tsaye, yadda muka saba a gida. Yaushe zan taho?"

Malama ta ajiye kofi, ta goge baki.

Ta ce, "Yaro, teku ma da girmansa mun gina masa katanga mun hana shi shiga ƙasarmu, balle kai."