Rasuwar Rikodar Malam Kashim, da Kaset a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda dama ba ta iya surutu ba, Malam Kashim Dzarma na unguwar Hausari yake sanar da rasuwar rikodarsa, bayan jinyar da ta faro tun ambaliyar Maiduguri.

Marigayiyar ta shigo gidan ne shekarar da ya gama ajin yaƙi da jahilci, furfura ta riga ta fito masa. Halinsu ɗaya, sauraro. Ba ta taɓa katse tsoho ba. Iyakar maganarta "ƙat" in an danna ta, sai "shiii" in mai magana ya tsaya tunani. Ta sha wuni a garin Khaddamari cikin manoma, tana ɗaukar muryoyinsu.

A dalilinta masu haɗa wani babban ƙamus na tarihin Turanci suka san sunansa. Malamarsu, Dakta Rashida, ta yi ta aiko wasiƙa kan kalma ɗaya, sunan baƙar ƙasar nan da ake shuka masakwa, dawar rani. Turawan zamanin da sun rubuta "firki", mutanen ƙasa kuwa "firgi" suke cewa. Su masu ƙamus ba sa karɓar "an ce", sai shaida. Shaidar tana kaset ɗaya tak: muryar wani tsohon tafinta da ya ce a bakinsa Baturen gona ya ji kalmar, ya karkata ta. Tsohon ya daɗe a ƙasa.

Ranar Talata Malam ya sa kaset ɗin don a ɗauka a waya a aika. Marigayiya ta yi tari, ta ja numfashi, ta haɗiye zaren, shi ke nan. Mai gyara ya ce laka ta cinye cikin, zaren ya manne, in an buɗe ya tsinke.

Abin da Malam bai taɓa rubuta wa Dakta ba shi ne, can bayan muryar tsohon ana jin Rahmat, matarsa da ta rasu, tana dariya tana kiransa shan shayi. Ba shi da muryarta ko'ina sai nan.

Rikoda ta bar marayun kaset cike da kwali, da wasiƙar da ba a amsa ba.

Ba za a yi mata wanka ba, ruwa ya riga ya yi nasa. Bayan la'asar za a naɗe ta a mayafin Rahmat, a sa ta ƙasan akwati, ba tare da an buɗe ta ba. Masu zuwa ta'aziyya, don Allah kada a kawo sabuwa. Wanda ya san kalmar, ya zauna ya faɗe ta a hankali. Malam zai saurara.