Karen Garke da Maigida

Wani ne kura ta ishe shi. Yau ta ɗauke ɗan rago, gobe tunkiya. Sai ya je ya sayo ɗan kwikwiyo, irin karnukan nan masu tsaron garke, waɗanda in sun girma sai ka rantse maraƙi ne.

Mai sayarwa ya ce, "Ka bar shi cikin tumaki ya tashi da su, ya ɗauka danginsa ne. Kada ka cika wasa da shi, sai ya lalace."

Ko ni da ban taɓa riƙe alƙalami ba na san abin da ake nufi. Shi kuwa gogan, tun da ya jefa kwikwiyo a garke bai yarda sun sake haɗa ido ba. In zai wuce sai ya rufe fuska da hula. Matarsa ke shiga ba da dusa da ruwa, shi yana bayan katanga yana ba da umarni.

Kare ya girma, kai kamar turmi. Kura ta zo sau ɗaya, ta bar rabin wutsiya. Mutumin ya cika gari da baki: "Ni na hore shi!"

Ran nan mahauci ya zo ɗaukar ragon da suka yi ciniki. Maigida ya taɓa ƙyauren garke. Kare ya yi gurnani ɗaya, sai ga maigida a bayan mahauci.

Mahauci ya ce, "A'a, ba naka ba ne?"

"Nawa ne mana. Gaisuwa ce."

Matar ta ce, "Maigida, bari in fito maka da shi."

"Ke! A gaban baƙo? Koma ciki!"

Ya shiga ɗaki ya yayumo buzun da yake zama a kai, ya ɗaura a baya, ya shafe jiki da kashin tumaki, ya rarrafa ta ƙarƙashin shinge yana "Meee."

Kare ya zo ya shinshina shi. Ya lashe masa kunne. Ya karɓe shi.

Maigida ya ɗago kai ya ce, "Kun ga dabara?"

Ya kama ƙafar rago, ya nufi ƙofa. Kare ya sha gabansa, ya cafki wuyan rigarsa a hankali, ya mai da shi tsakiyar garke. Ya sake gwadawa, aka mai da shi. Karo na uku kare ya ga wannan tunkiyar ba ta ji, sai ya kwanta a kanta.

Rana ta take. Daga ƙarƙashin kare murya ta fito: "Uwar yara! Ki yi wa Allah!"

"Ai ka ce in koma ciki."

Mahauci ya gaji da tsayuwa, ya ce, "Uwargida, ke karen nan yake jin maganarki. Fito mini da ɗaya in tafi, kowanne ne."

Ta leƙa garken, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗauki mai surutun can. Sauran suna da amfani."