Ƙafa Uku, Hanya Biyu

"Lafiya lau na kwana, sai dai kunnuwana da ka cika da ƙarar ƙarfe. Wace irin sallama ce wannan, kamar masu rusau?"

"Ango ne ya iso. Tashi ki yi guɗa, tsohuwa."

Kaka ba ta tashi ba. Tana zaune a ƙofar gida kan bencinta, wani dogon katako da aka ɗora bisa bulo biyu aka shimfiɗa masa tabarma, tana kallon jikanta Dogo yana fama da baya-baya a motar abokinsa. A bayan motar an ƙulla 'yar tirela mai taya biyu da ya ɗauko haya, wadda dole ya mayar kafin la'asar.

Keken marigayi mijinta ya zo ɗauka, babur ɗin nan mai ƙafa uku da ya yi shekara huɗu jibge a ƙarƙashin rumfa. Makon jiya da bakinta ta ce ya kai shi wurin bakanike a tashe shi, ya samu sana'a, tunda yawon neman aiki ya cinye masa takalma. Baki ne ya faɗa, zuciya ba ta sa hannu ba. Keken nan shi ne abu na ƙarshe da ya rage mata na mijinta, kuma ba ta son ya fita daga gidan.

"Wannan ce tirelar? Da ka ce tirela na zaci sai an rushe katangar maƙwabta. Ashe faranti ka jawo."

"Daidai ruwa daidai tsaki. Na ga amaryar tawa ba ta da kayan ɗaki, shi ya sa na ɗauko ƙarama."

"Amaryar wa? Allah ya kiyaye ni da miji mai motar aro. Kakanka da ya zo neman aurena da abin hawansa ya zo."

"Jaki ba?"

"Jakin ma nasa ne."

Dogo ya yi dariya, ya zagaya bayan tirelar, ya sauko da ƙarafa biyu masu faɗi da taya ke bi ta hau, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Kaka ta dubi ƙarafan, ta dubi sararin da ke tsakaninsu, ta waiwaya ta dubi keken. Sai wani daɗi ya ratsa ta har tafin ƙafa. Tirelar ɗaukar mota aka ba shi, mai hanya biyu. Tayar gaban keke kuwa a tsakiya take, inda babu komai sai iska.

Ta san maganin abin sarai, don a kansa take zaune. Da wannan katakon marigayi yake cike tsakiya duk ranar da keke ya mutu aka zo ɗaukarsa. Ta gyara zama, ta ƙara baza zaninta.

Dogo ya turo keken da ƙyar, tayoyin duk sun kwanta, ya saƙala masa igiyar ƙarfen da ake naɗewa da hannu. Ya naɗa sau uku, ya tsaya. Ya leƙa ƙasa. Ya cire hula ya sosa ƙeya.

"Maigida, me ya faru? Ko keken ya ce bai san ka ba?"

"Tunani nake yi."

"Ka yi a hankali, kan bai saba ba. Da ka je wurin mai haya, ƙafa nawa ka ce masa?"

"Cewa na yi abin hawa ne."

"Shekara nawa ka yi a makaranta? An kai ku uku a ƙidaya kuwa, ko kuna biyu aka tashi?"

"Ke da ko haƙoranki ba su kai uku ba, ina kika san uku?"

"Biyun da suka rage sun ishe ni in cije ka. Murhu ma duwatsu uku ake sa masa, kai ka zo da biyu za ka ɗora tukunya."

Ya gwada matso da ƙarfe ɗaya tsakiya, ya tarar an yi masa walda a gefe. Ya ce zai hau da baya. Kaka ta ce ya hau mana, ai in ya juya keken tayar gaban za ta tsiro fuka-fuki. Ya kira mai haya a waya, aka ce masa babu wata tirelar sai jibi, kuma bakaniken ma gobe zai yi tafiya. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Ba a fafe gora ranar tafiya. Mayar musu da farantinsu, ka bar mini kekena. Kajina ma sun saba kwana a ciki."

"Wato kaji sun fi mijinki?"

"Su suna yi mini ƙwai. Kai me kake yi mini?"

Wannan maganar ta shige shi. Ya yi murmushi, amma murmushin bai kai ido ba, kuma Kaka ta gani. Ta ji wani abu ya soke ta, don ta san yadda zaman banza ya dame shi, sai dai taurin kai ya hana ta motsi.

Dogo ya shiga gida ya kwaso bulo, ya jera su a tsakiya kamar matakala. Ya koma ya kama naɗe igiya. Tayar gaba ta hau na farko, ta hau na biyu. A na uku bulon ya goce, keken ya karkata ya nufo shi gadan-gadan.

"Kai! Ƙafarka!"

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ita da kullum sai an kama mata hannu, sai ga ta tsaye a gabansa, tabarma ta zame ta faɗi. Keken ya dira a ƙasa, tazarar ɗan yatsa tsakaninsa da ƙafar Dogo.

Shi ko ƙafar bai duba ba. Bencin yake kallo. Ga shatin taya nan baƙi ƙirin, ya bi tsakiyar katakon daga wannan baki zuwa wancan.

"Lallai! Rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Tun safe ina gumi, ashe hanyar tana ƙarƙashin matata."

"Wace hanya? Benci ne."

"Benci mai sawun taya? Ko ke ce kike tsere a kai in ba kowa?"

"Gado ne. Kakanka ya bar mini."

"Kin ga kishiyar gaskiya. Mutum ya tafi shekara huɗu, har yanzu shi ake so, ni mai rai an bar ni a rana."

"To ai shi ya iya ƙirga ƙafafun kekensa."

Ta zaci zai sunkuya ya sure katakon, har ta shirya masifar da za ta yi. Bai taɓa ba. Ya ɗauki tabarmar ya kaɗe, ya mayar kan bencin, ya je ya fara kwance igiyar daga jikin keken.

"Me kake yi kuma?"

"Mayar da faranti. Ba na tayar da amarya daga kujerarta. In ganin keken a rumfa ya fi miki daɗi, ya zauna. Aiki ai ba ya ƙarewa, zan ci gaba da nema."

Da ya yi gardama da ta ji daɗi, don gardama abincinta ce. Wannan kuwa ya kashe mata jiki. Ta dubi keken, ƙura ta rufe shi, kashin kaji har kan kujerar direba. Marigayi da ko tsuntsu bai yarda ya sauka a kai ba. Kunya ta kama ta, ta gane ba ajiyarsa take yi ba, kallonsa take yana ruɓewa.

Ta sa ƙafa ta ture tabarmar.

"Zo ka ɗauka, malalaci, kafin in sake shawara. Bakin da aka fafe shi ne sama, ka saƙala shi a bakin tirelar, ka danne ƙasan da bulo."

"Sadakin nawa ke nan?"

"Mace ke ba da sadaki a garinku? Aro ne."

Katakon ya zauna daram kamar don tirelar aka yanka shi. Dogo ya sake saƙala igiya ya naɗe, keken ya hau sumul a kan hanya uku. Ya ɗaure shi ta kowane gefe, yana yi yana satar kallonta.

"Na sallama, tsohuwa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Kai ko rimin ma da ƙafa ɗaya za ka hau."

"In an gyara, ke zan fara ɗauka. Kujerar baya taki ce."

Kaka ta fashe da dariya har ta dafa bango, ta sa bakin mayafi ta goge ido. Ta matsa ta dafa jikin keken, ta ɗan jima hannunta na kai.

"Tafi, kar la'asar ta same ka. Amma kar ka kuskura ka dawo mini da shi a kan faranti. Da ƙafafunsa nake son ya shigo, yana ƙara tun daga bakin layi. Shekara huɗu ban ji muryarsa ba."